Ranar da Shanu Suka Ja Mota Mai Jan Taya Huɗu

Motata Lexus RX300 ce ƙirar 2001, mai injin silinda shida, kuma irin wadda ke jan tayoyinta huɗu a kowane lokaci, a kwalta ko a burji. Sa'ad da litar fetur take ƙasa da naira 200 ban taɓa damuwa da cinta ba, amma da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, sai na koma kallon allurar mai fiye da yadda nake kallon hanya.

Na fara da dabarun da ba sa cin kuɗi. Na kashe esi, sannan da wani ya ce mini buɗe gilashi ma yana sa iska ta riƙe mota, sai na rufe gilasan, na riƙa isa ofis babbar rigata sharkaf da gumi. Na sa mai faci ya ɗura wa tayoyi iska har 45 maimakon 30 da aka ƙayyade musu, motar ta koma tsalle a kowane rami, har uwargida ta ce ba za ta sake ɗauko miya a cikinta ba. Duk da haka allura ba ta sassauta ba.

Wani abokin aikina mai tsohuwar Honda CR-V ne ya ba ni sirrin da ya ce masu manyan motoci suna ɓoyewa, wato a cire farfela, doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Shi ya cire tasa, motarsa lafiya lau. Bakanikena bai yi musu ba ko kaɗan, ya shige ƙarƙashin mota da sifana, ya fito da ita a kafaɗa yana cewa, "Alhaji, yau ka rabu da wahala. Ka bar ta a nan, zan adana maka."

Abin da babu wanda ya faɗa mini shi ne motocin biyu ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Tsohuwar CR-V da tayoyin gaba take tafiya, ba ta neman na baya sai na gaba sun zame, saboda haka rashin farfela bai dame ta ba. Tawa kuwa tana da wani marabi a jikin giya wanda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma ɗabi'arsa ita ce ya tura ƙarfi inda babu nauyi. Idan aka cire farfela, ƙarfin sai ya nufi gurbin da ya zama wayam, ba abin da ke tare shi sai wani ƙaramin maƙalli mai ruwan silikon mai kauri, wanda aka yi don taimakon ɗan lokaci. A kwaltar cikin Kano ya daure, ni kuma na yi ta yaba wa kaina.

Asiri ya tonu ranar kai amarya, ƙanwar uwargida, wani ƙauye da ake sauka daga titin Zariya bayan Kwanar Dangora. Tunda ni ne mai jif a dangi, ni aka ba manyan gwaggwanni, aka cika but da gara. Ƙananan motoci suka tsaya a bakin wani rafi mai yashi suna shawara, ni kuwa na ɗaga musu hannu na kutsa. Muna kai tsakiya inji ya ɗauki ruri, allurar gudu tana motsi, mota tana nan inda take, wani ƙauri yana tasowa daga ƙarƙashin kujeru.

"Ɗan nan, wai ba ita ce aka ce tana hawa dutse ba?" in ji babbar gwaggo.

"Ita ce, Gwaggo, hutawa take yi," na amsa, kaina a sunkuye saboda surukuta.

Wata tsohuwar Golf ta bi ta gefenmu ta haye, direbanta har da yi mini sannu. A ƙarshe wani manomi ya kwance shanun huɗarsa biyu, aka ɗaura igiya, suka fitar da mu da gwaggwanni da gara gaba ɗaya, 'yan biki suna guɗa. Kuɗin goron da na ba shi ya fi abin da na tsimi na mai tun da na fara wannan fafutuka.

Bayan an jawo motar gari, wani matashi mai gyaran wayoyin mota ya jona mata kwamfutar bincike, nan take ya gano inda man yake tafiya. An daɗe da cire tamostat, kamar yadda makanikai da yawa ke yi wai don ƙasarmu da zafi, alhali aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai kimanin digiri 82. Idan babu shi inji ba ya saurin ɗumi, kwamfutar mota kuma tana ɗauka har yanzu sanyin asuba ne, sai ta yi ta ƙara mai. Sensar da ke shinshinar hayaƙi a salansa ta mutu, matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, fitilar gargaɗin da ya kamata ta tona duk wannan kuwa an liƙe ta da baƙin salatif tun kafin in sayi motar. Da aka gyara waɗannan, aka sauya maƙallin da ya ƙone, aka mayar da iskar taya daidai, cin man ya ragu ƙwarai, ko da yake silinda shida ba za ta taɓa zama Keke Napep ba.

Saura farfela. Na koma wurin bakanike, ya yi ta sosa ƙeya yana ɗaga tsofaffin ƙarafa, daga bisani ya ce wataƙila yara sun haɗa ta da kayan 'yan jari-bola. Ya kwatanta mini wani shago a Ƙofar Ruwa inda ya ce lalle zan sami irinta. Na samu kuwa, mai shagon ya rantse jiya-jiya ta sauka daga Beljiyam, na biya kuɗi masu zafi. Sai da ake ɗaura ta na lura da lambar motata rubuce a jikinta da farin fenti, da rubutun hannun bakanikena.