Wa zai binciki ɗan sandan da ya yi kisa a Amurka?

Sa'o'i kaɗan bayan mutuwar George Floyd ranar 25 ga Mayun 2020, rundunar 'yan sandan Minneapolis ta fitar da gajeriyar sanarwa. Ta ce an kira jami'anta a kan wani mutum da ake zargi da jabun kuɗi, ya yi turjiya, aka sa masa ankwa, sai aka lura ba shi da lafiya, aka kira motar asibiti, ya cika bayan an kai shi. Ta ƙara da cewa ba a yi amfani da makami ba. Babu inda aka ambaci gwiwar ɗan sanda Derek Chauvin da ta danne wuyan mutumin har minti 9 da daƙiƙa 29, yana kwance rub da ciki a kan kwalta, yana cewa ba ya iya numfashi, yana kiran mahaifiyarsa da ta riga ta rasu.

Abin da ya hana wannan sanarwa zama tarihin da za a rubuta shi ne wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, da ta rako ƙanwarta kanti, ta tsaya a bakin titi ta ɗaga waya. Da ta bi wata hanya a wannan yammacin, ko da cajin wayarta ya ƙare, da wuya wani a wajen unguwar ya taɓa jin sunan Floyd. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk muhawarar harbe-harben 'yan sanda a Amurka. Ana ta ja-in-ja a kan launin fata da zanga-zanga, amma ƙasan maganar ita ce: wanda ya yi kisan shi ke fara rubuta labarin, abokan aikinsa ke bincike, lauyan gwamnatin da kullum yake aiki da su ke yanke shawarar ko za a je kotu. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamakin yadda ba a samun ko ƙashi.

Ba a kan Floyd aka fara ba. A Afrilun 2015, a North Charleston, ɗan sanda Michael Slager ya tsayar da Walter Scott, mai shekara 50, saboda fitilar birki ta mutu. Slager ya ce Scott ya ƙwace masa na'urar jan lantarki, shi ya sa ya harbe shi. Kwanaki kaɗan bidiyon wani mai wucewa ya fito: Scott yana gudu, ya ba da baya, Slager ya tsaya ya saki harsashi 8. Duk da haka, a kotun jiha masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya. Sai da gwamnatin tarayya ta ɗauki shari'ar kafin a ɗaure shi shekara 20. A Chicago kuwa, an harbi Laquan McDonald, ɗan shekara 17, sau 16 a Oktoban 2014. Rahoton 'yan sanda ya ce ya yo kansu da wuƙa. Bidiyon motarsu ya nuna yana tafiya yana nisantarsu. Hukumomin birnin suka riƙe bidiyon wata 13, suka biya iyalinsa dala miliyan 5 tun ba su shigar da ƙara ba, kuma ba a tuhumi Jason Van Dyke, ɗan sandan da ya harbe shi, ba sai ranar da umarnin alƙali ya tilasta a saki hoton.

To wanda ba a ɗauki hotonsa ba fa? Mu nan Afirka ta Yamma muna da namu a cikinsu. Amadou Diallo, Bafulatanin Gini ɗan shekara 23, yana talla a bakin titi a New York yana tara kuɗin karatu. Ranar 4 ga Fabrairun 1999, bayan sha biyun dare, yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a Bronx, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tunkaro shi. Ya sa hannu aljihu ya ciro walat. Suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. Ba shi da makami, ba shi da laifi, ba shi ake nema ba. Aka ɗauke shari'ar daga Bronx aka kai ta Albany bisa hujjar cewa mutanen unguwarsa ba za su yi wa 'yan sandan adalci ba, a Fabrairun 2000 aka wanke su duka huɗun. Mahaifiyarsa, Kadiatou, ta kai gawar ɗanta Futa Jallon ta binne. Babu waya mai kyamara a lokacin, saboda haka abin da ya faru a wannan zaure daga bakin waɗanda suka yi harbin aka fi jin sa.

Masu kare 'yan sanda suna da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu su. Amurka ƙasa ce da bindigogin da ke hannun jama'a suka fi mutanen yawa. Ɗan sandan da ya tsayar da mota cikin dare bai san abin da ke ƙarƙashin kujera ba, kuma duk shekara ana kashe wasunsu a bakin aiki. Ƙididdigar da jaridar Washington Post ta fara tattarawa a 2015 ta nuna 'yan sanda suna harbe kusan mutum 1,000 a shekara, yawancinsu suna ɗauke da makami, kuma kusan rabinsu farar fata ne. Akwai ma shari'ar da labarin da ya fara yaɗuwa bai tabbata ba. Bayan kisan Michael Brown a Ferguson a 2014, an yi ta cewa ya ɗaga hannu ya miƙa wuya kafin a harbe shi, amma binciken Ma'aikatar Shari'a a zamanin Obama bai sami shaidar da ta tabbatar da hakan ba, ta ƙi tuhumar ɗan sandan. Duk wanda yake neman adalci dole ya karɓi wannan ko da bai yi masa daɗi ba.

Sai dai a rana guda, 4 ga Maris 2015, ma'aikatar ta fitar da rahoto na biyu a kan rundunar Ferguson kanta. Baƙar fata kashi 67 ne cikin ɗari na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na motocin da ake tsayarwa, kashi 93 na waɗanda ake kamawa. Hukumar garin ta mayar da tara hanyar cika baitulmali, ana matsa wa 'yan sanda su ƙaro kuɗin shiga, talaka ya kasa biyan tarar ajiye mota ya ƙare a kulle. Mutanen da suka cika titi bayan kisan Brown wannan rayuwar suka daɗe suna sha. A ƙasar gaba ɗaya ma, baƙar fata ba su wuce kashi 14 cikin ɗari ba, amma idan aka auna da yawansu, ana harbe su fiye da ninki biyu na farar fata.

Inda launin fata ya fi shiga shari'ar kuwa, ta ƙofar doka ne. A 1989, a hukuncin Graham da Connor, Kotun Ƙoli ta ce za a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi ne da idon jami'i mai hankali da ke wurin a daidai wannan lokacin, ba da abin da aka gano daga baya ba. A takarda magana ce mai ma'ana. A aikace kuwa, ta sa tsoron ɗan sanda ya zama ma'auni. Ya ce ya ji tsoron za a kashe shi, sai nauyi ya koma kan mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa tsoron ba na hankali ba ne. Alhali tsoro abu ne da al'umma ke koya wa mutum, kuma Amurka ta yi ɗaruruwan shekaru tana koya wa 'ya'yanta tsoron baƙin saurayi. Tamir Rice yana da shekara 12, yana wasa da bindigar roba a filin shaƙatawa a Cleveland a Nuwamban 2014. Wanda ya kira 'yan sanda ya faɗa cewa mai yiwuwa bindigar ta wasa ce kuma mai riƙe da ita yaro ne, amma ba a isar wa jami'an da wannan ba. Motarsu ta tsaya a gabansa, cikin daƙiƙa biyu aka harbe shi. Da ake kai rahoto ta oba-oba, aka kwatanta shi da ɗan shekara 20. Lauyan gwamnatin yankin da kansa ya ba da shawarar kada a tuhumi kowa, haka kuma aka yi.

Iyalin Tamir sun karɓi dala miliyan 6, na Diallo miliyan 3, na Breonna Taylor, wadda 'yan sanda suka harbe a gidanta a Louisville, miliyan 12, na Floyd miliyan 27. Wani zai ce ai an biya diyya. Amma daga asusun birni kuɗin suke fitowa, wato harajin jama'a, har da na unguwannin da ake yi wa ɓarnar. Wanda ya ja kunamar bindiga da wuya ya fitar da ko sisi, kuma yawanci takardar sulhun tana ɗauke da sharaɗin cewa hukuma ba ta amsa laifi ba. Diyyar da ba ta taɓa mai laifi ba za ta hana na gaba ba.

Batun zanga-zanga shi ma sai an faɗi gaskiyarsa ta fuska biyu. Miliyoyin mutane suka fita a 2020, kuma masu bin diddigin tarzoma sun gano fiye da kashi 90 cikin ɗari na tarukan an yi su lami lafiya. Amma an ƙona ofishin 'yan sanda a Minneapolis, an ƙona shaguna a titin Lake, da yawansu na baƙin haure ne, 'yan Somaliya da 'yan Latin Amurka da suka tara jarinsu da gumi. Wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Kiran a rushe rundunar 'yan sanda ma bai karɓu ba: a Nuwamban 2021 masu zaɓe a Minneapolis suka yi watsi da shi, har da unguwannin baƙar fata da dama, don su ne suka fi kowa buƙatar a zo idan sun kira. Mun ga irin wannan a Najeriya a Oktoban shekarar ta 2020, lokacin zanga-zangar neman rushe SARS, inda mutane da yawa a Arewa suka ja baya saboda 'yan bindiga sun hana su barci. A can ɗan sanda da wanda ya harba launinsu ɗaya, amma tambayar wa zai bincika ba ta sauya ba: 'yan kasuwar Apo shida da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005, aka ce 'yan fashi ne, sai 2017 aka yanke hukunci a shari'ar kisansu.

Duk da haka, wanda ya ce zanga-zanga ba ta da amfani ya duba kalanda. Kwana huɗu ana cika tituna kafin a kama Chauvin. Bayan kwana biyu gwamna ya miƙa shari'ar ga babban lauyan jiha, Keith Ellison, ta fita daga hannun lauyan yankin. Ranar 3 ga Yuni aka tsananta tuhumar, aka haɗa da sauran jami'ai uku. A kotu, shugaban rundunar, Medaria Arradondo, ya tsaya ya ba da shaida cewa abin da Chauvin ya yi ya saɓa wa horo da ƙa'idar aiki, abin da ba kasafai ake gani ba. A Afrilun 2021 aka same shi da laifi, aka ɗaure shi shekara 22 da rabi. Abu uku suka haɗu: bidiyo, mai gabatar da ƙara daga waje, da shugaba da ya yarda ya faɗi gaskiya a kan yaronsa. Na farko sa'a ce. Na biyu kuwa doka tana iya tabbatar da shi a kowace shari'a, kuma can ya kamata ƙarfi ya karkata.

Wanda ya fara nuna hanyar ma farar fata ne. Michael Bell tsohon hafsan sojan sama ne. A 2004 'yan sandan Kenosha da ke jihar Wisconsin suka harbe ɗansa mai shekara 21 a ka, a ƙofar gida, mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa suna kallo. Cikin 'yan kwanaki rundunar ta binciki kanta ta wanke kanta. Bell ya ɗauki kuɗin sulhun da aka biya ya riƙa kafa manyan allunan talla a bakin hanya, ya yi shekara goma yana fafutuka, har a 2014 Wisconsin ta zama jiha ta farko da ta wajabta cewa masu bincike daga waje ne za su duba duk mutuwar da ta faru a hannun 'yan sanda. Gwamna ɗan jam'iyyar Republican ne ya sa hannu. New York ta bi da miƙa irin waɗannan shari'o'i ga babban lauyan jiha, California ma haka idan wanda aka harbe ba shi da makami. Ɗan sandan da ya yi harbi bisa gaskiya shi ma wannan tsari ya fi yi masa amfani, don idan baƙo ya wanke shi jama'a za su fi yarda.

Daga Washington kam kada a sa rai yanzu. Ƙudurin gyaran aikin 'yan sanda mai sunan George Floyd ya wuce Majalisar Wakilai sau biyu, ya maƙale a Majalisar Dattawa. A Mayun 2025, ana saura kwanaki a cika shekara biyar da kisan, Ma'aikatar Shari'a ta gwamnatin Trump ta janye daga yarjejeniyar sa ido a kan rundunonin Minneapolis da Louisville. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, akasarinsu ƙanana ne, a ƙarƙashin birane da gundumomi, inda shugaban runduna da lauyan gwamnati suka san juna ciki da bai. Majalisun jihohi ne suka fi iya raba su da binciken kansu, kuma har yanzu jihohi da yawa ba su yi ba.