Anna Komnene ta fi ƙarfin a kira ta mai hassada

Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka zo zancen Anna Komnene, 'yar Sarkin Rumawa Alexios na Ɗaya, wanda ya mulki Kustantiniyya daga 1081 zuwa 1118. Ana ambaton sunanta sai ka ji an ce, ai ita ce ta nemi ƙwace sarauta daga hannun ƙaninta John, aka tsare ta a gidan ibadar mata. Shi ke nan, an gama da ita. Wallahi wannan rashin adalci ne.

An haife ta a 1083 a cikin fada. Iyayenta ba su so ta karanta waƙoƙin Girkawan dauri, don cike suke da zancen gumaka, sai ta riƙa ɗaukar darasi a ɓoye wurin wani bawan fada. Ta yi falsafa, ta yi lissafi, ta yi ilmin likitanci. Daga baya ita ce ta tara malamai irin su Michael na Afisa, ta sa su rubuta sharhi kan littattafan Aristotle da aka daɗe ba a waiwaya ba.

Labarin makircin nan kuwa, mafi yawansa daga bakin Niketas Choniates ya fito, mutumin da ya yi rubutu shekaru da dama bayan abin ya wuce. Ban ce ba ta so mulki ba. Ɗiyar fari ce, an taɓa yi mata baiko da yarima mai jiran gado, ina laifinta in ta sa rai?

Amma ku duba abin da ta bari. Da mijinta Nikephoros Bryennios ya rasu bai ƙarasa tarihin da ya faro ba, ta ɗauki alƙalami ta rubuta Alexiad, wato tarihin mulkin mahaifinta, kashi 15, da Girkanci. A ciki muke ganin mayaƙan Salibiyya na farko da idon Rumawa, lokacin da suka kwararo birnin Kustantiniyya a 1096 tana 'yar shekara 13. Ta ba da labarin jinyar mahaifinta, numfashi na yi masa wuya, likitoci na gardama, ita kuma tana riƙe da hannunsa tana jin bugun jijiya.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ta ce magariba ta kawo kai, lokacin kunna fitila ya yi, gyangyaɗi na fizgarta, alƙalami na ja da ƙyar a kan takarda. A lokacin ta haura shekara hamsin, uba da uwa da miji duk sun riga ta.