Rigar jakadancin jami'a da maganar Gwaggo

Hoto ɗaya na saka a zauren WhatsApp na danginmu, ina sanye da rigar jami'a a kan abayata, riƙe da allon nuna wa baƙi hanya. Ban ajiye wayar ba sai ga saƙon murya daga Gwaggo: "Ashe abin da aka kai ki Ingila yi ke nan? 'Yar gidan mutunci ki tsaya bakin hanya kina tare mutane kamar mai talla? In kuɗi ne babu, ki faɗa wa Baffanku mana." Na ce, "Allah ya huci zuciyarki Gwaggo, aikin makaranta ne." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, tunda ba a ja-in-ja da manya. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Jami'o'in nan suna ɗaukar ɗalibansu aiki a matsayin jakadu. Sai ka nema a rubuce, a yi maka tambayoyi, a horar da kai, in kuma aikin ya shafi yaran makaranta sai hukuma ta bincika tarihinka tukuna. Da awa ake biya, kuma a Afrilun 2025 mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a ba wanda ya kai shekara 21 ya koma fam 12.21. Mu baƙi bizarmu ta ƙayyade mana awa 20 a mako lokacin karatu, wanda ya zarce yana wasa da zamansa a ƙasar. Ayyukan ana jera su a intanet, kowa ya ɗauki wanda bai ci karo da laccarsa ba. Jarrabawa ta matso ka janye, ba mai riƙonka a zuciya.

Babbar ranarmu ita ce Asabar ɗin da jami'a ke buɗe ƙofa ga kowa. Tun da sassafe, sau da yawa cikin yayyafi da sanyin da ke shiga ƙashi, motoci ke sauke iyaye da 'ya'yansu 'yan shekara 16 ko 17, wasu har da kaka a keken guragu. A ba su shayi da biskit da jakar yadi cike da takardu, mu kuma mu kwashe su rukuni-rukuni zuwa laburare, ɗakunan gwaje-gwaje da gidajen kwanan ɗalibai. A ɗakin kwanan ne ake daɗewa. Uwa za ta zauna kan katifa ta danna ta ji, ta buɗe firij, ta tambayi nawa ake biyan injin wanki, da wanda ake kira in yarinya ta kamu da zazzaɓi da tsakar dare. Can gefe farfesa mai furfura na tsaye bakin tebur yana amsa tambayar yaron da ko sakandare bai gama ba, bai ɗaure fuska ba. Iyalai 'yan asalin Pakistan da Somaliya kuwa da sun hango hijabina sai su nufo ni: ina masallaci, akwai naman halal, akwai ɓangaren da mata zalla ke kwana? In nuna musu da ƙafata, ka ga fuskar uban ta saki.

Na san ba don Allah kaɗai suke yi ba. A shekarar karatu ta 2025/26 ɗan ƙasa a Ingila fam 9,535 ya biya, mu baƙi sau da yawa ninkin haka ko fiye, don haka murmushinmu ma yana cikin lissafinsu. Kuma akwai abin da muka fi su nesa ba kusa ba. Lokacin rajista a gida, kun san yadda 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyoyin ɗaliban jihohi ke kafa rumfuna, yayye su sauke ka a ɗakinsu, ku ci a kwano ɗaya, ba sisin kwabo. Nan ba wanda zai matsa maka gefen katifarsa. Wallahi ina kewar wannan.

Sai dai duk wannan karamcin namu bayan ka samu gurbi yake zuwa. Kafin nan fa? Mai yaya a jami'ar ABU da ke Samaru ko BUK an faɗa masa makin da kowane kwas ke nema da abin da zai tarar. Wanda ba shi da kowa, mai shagon kwamfuta ne ke zaɓa masa makomarsa ranar cike JAMB, ko ya yi ta nacin likitanci shekara da shekaru. Su nan sun mayar da wannan ilimin haƙƙin kowa, har makarantun unguwannin talakawa ake tura mu mu yi wa yara bayani. Mu mun bar shi ya zama alfarma. A wannan ɗin kam sun fi mu.

Maganar kunya kuma, da ita ce ban yarda ba sam. Tun da naira ta faɗi a 2023, har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, abin da Baffa ke turowa kafin ya iso ya narke. In sake ɗora masa nauyi shi ne mutuncin? Matan gidanmu da ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula suka saya mana littattafai, Gwaggon ma tana cikinsu. Yaushe neman halal ya zama abin ɓoyewa don kawai mutum ya shiga aji?

Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. 'Yar kawuna, wadda muka tashi tare kuma ta fi ni kai, ta samu gurbin karatu, Kawu ya ce jami'a wurin lalacewar 'ya'ya mata ce. Mutumin kirki ne, tsoro ne kawai, don bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, labarin majalisa yake ji. Duk uban da na zagaya da shi a nan sai na tuna Kawu. Da ya samu yarinya mai hijabi ta nuna masa ɗakin kwana da masallaci da maigadin ƙofa, ta amsa masa tambayoyinsa cikin ladabi, ina kyautata zaton da ya sassauto.

Bana ƙanwarta ke rubuta WAEC. Na roƙi wata ƙawata da ke koyarwa a Kano ta zagaya da Kawu makarantarsu duk ranar da ya shigo birni, ni zan biya kuɗin mota daga abin da nake samu. Na kira shi na faɗa masa, ya ce in bari ya yi shawara.