Tsalle a kan sifana ba ɗaurin taya ba ne

Masu motocin gudu na Garwa, yau da ku nake. Mutum zai ɗauko BMW ko Mercedes daga Duwala, ya zuba miliyoyin sefa, ya sa mata rim na alminiyom mai ɗaukar ido, amma ranar da taya ta yi faci sai ya koma inuwa yana latsa waya. Yaron mai faci ya zura dogon bututun ƙarfe a sifana, ya hau kai yana tsalle har noti ya yi kuka. Ya share gumi ya ce, "Alhaji, ta ɗauru, har Njamena ba abin da zai same ta." Alhaji ya ƙara masa na goro.

Ban ga laifin yaron ba, haka ya tarar maigidansa na yi. Da mai motar nake, wanda bai taɓa buɗe littafinta ba.

Kowace mota akwai iyakar ƙarfin da kamfani ya yanka wa notin tayarta, ana auna shi da niyuton-mita. Corolla 103 ne. Tsofaffin BMW 120, sababbi 140. Porsche 911 a da 130, yanzu 160. To 120 ɗin nan nawa ne? Kamar ka rataya kilo 12 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, shi ke nan. Yanzu ɗora yaro mai kilo 60 a ƙarshen bututu mai wannan tsawon: ya kusa 600, tun bai fara tsalle ba. Ninki biyar ke nan. Wannan adadin sai irin Porsche GT3, mai ƙaton noti guda ɗaya a tsakiya, wanda don haka aka ƙera shi.

Abin da mutane ba su gane ba, ƙarfen ƙusar da ke riƙe taya yana ɗan miƙewa idan an ɗaure shi, kuma ƙoƙarinsa na komawa shi ke manne taya da mazauninta. In aka wuce iyaka sai ya zama kamar robar ɗaure kaya a bayan babur da ta saki, ba ya komawa. Ya sirance, ya tsage ta ciki, ido ba ya gani. Ba a gareji zai karye ba, sai kana gudu ka faɗa rami a hanyar Mora zuwa Kuseri. Motocin Jamus kuma abin ya fi muni, don a jikin mazaunin tayar ake murɗa ƙusar. Ka cinye zaren ramin da ƙusar ke murɗuwa a ciki, ka shiga jiran kaya daga Duwala. Ga faifan birki, wanda ɗaurin da bai daidaita ba kan karkatar da shi, ka taka birki a gangaren Ngaundare sitiyari na rawa a hannunka.

Sai masu shafa giris wai kada damina ta sa tsatsa. Galibin kamfanoni a kan busasshen zare suka ba da adadinsu. Da giris noti na sulɓewa, ya matse fiye da kima ko da awon ya nuna daidai.

Aikin ba wuya. A goge yashi da jar ƙura daga inda rim ke zama, a fara murɗawa da hannu, a riƙa tsallake ɗaya ana kama na gabansa, ba bi da bi a zagaye ba. A sauke jak, a ƙarasa da sifanar awo, wadda ake saita wa adadin da kamfani ya yanka. Da ta ce ƙas, a tsaya, ba a ƙara "ɗan kaɗan don tabbaci". Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa, wato mai zuwa Marwa ya tsaya a Figil.

Masu canza rim, ku dubi wuyan ƙusar: ta Mercedes zagayayya ce, ta BMW mai tsini, kuma ba sa zama a gurbin juna ko an ɗaure da awo.

Ku sayi sifanar awo taku ku ajiye a but, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ta irin motocinku ba. In an gama aiki a sassauta ta zuwa ƙaramin lamba kafin a mayar, in ba haka ba awonta kan lalace.