Yanar ido ba ta tsufa kaɗai ba ce

Na karanta wani labari a kan yanar ido. Marubucin ya yi gaskiya da ya ce mai ciwon suga ya fi saurin samun yanar ido, amma da ya ɗan bayyana dalili. Idan suga ya yi yawa a jini, yakan shiga madubin da ke cikin ƙwayar ido, ya rikiɗe ya zama sinadarin sobitol. Shi kuma sobitol ya jawo ruwa, madubin ya kumbura, a hankali ya dushe.

Na gani a kan yayata, ko shekara 50 ba ta kai ba. Sau biyu tana canza tabarau, tana cewa fitilar mota na kashe mata ido da dare, ashe suga ne ke ta'adi. Maganin ɗigawa kam asarar kuɗi ce, tiyata kaɗai ke cire yana.

Abin da labarin ya tsallake, kuma ya fi ba ni tsoro, shi ne suga na lalata ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido. Idan can ya taɓu, ko an cire yanar, gani ba lallai ya dawo sarai ba. Shi ya sa likitoci ke cewa a duba ido duk shekara, ko ba a jin komai.