Taimakon da ke rufa asiri: abin da na gani a Roma, da abin da na baro a Gusau

Shekarata tara ke nan a birnin Roma na ƙasar Italiya, kuma a cikin huɗun ƙarshe na keɓe yammacin kowace Talata ga wata majami'ar Katolika da ke unguwarmu, inda nake yin tafinta tsakanin masu aikin sa-kai da 'yan ci-rani masu jin Hausa, waɗanda yawancinsu daga Nijar da Gana da arewacin Nijeriya suka fito. Ni Musulmi ne, haifaffen Gusau, kuma na san akwai ɗan'uwan da zai karanta wannan ya ɗaure fuska. Saboda haka nake faɗa tun daga farko cewa ba a taɓa yi mini tayin addini a wurin ba, ban kuma taɓa fassara wa wani mabuƙaci irin wannan tayin ba. Idan Magariba ta yi, akwai ɗakin da suke buɗe mini in yi salla.

Wurin da nake aikin suna kiransa ɗakin sauraro, kuma ƙungiyar Caritas, wadda ita ce hannun agaji na ɗarikar Katolika, tana da irinsa a majami'u da yawa a faɗin ƙasar. Idan mutum ya shigo, ba a fara da miƙa masa abinci. Ana ba shi kujera, a rufe ƙofa, mutum biyu su zauna su ji labarinsa: nawa ake binsa na haya, yaransa nawa ke makaranta, wane magani yake sha, yaushe rabonsa da aiki. Ana rubuta komai a ajiye, a sa masa ranar dawowa, kuma idan ranar ta zo ba a gan shi ba, sai a buga masa waya. Iyalin da aka tabbatar da buƙatarsu akan ba su kati mai maki, su je wani kanti da Caritas ta Roma ta fara buɗe irinsa a 2008, su tura amalanken sayayya kamar kowa, su ɗauki mai da taliya da sabulu da madarar jarirai gwargwadon buƙatar gidansu, a cire makin a bakin ƙofa. Yaron da ya rako mahaifiyarsa wurin, abin da yake gani shi ne uwarsa ta yi cefane.

Wannan katin ne ya riƙa faɗo mini a rai lokacin da na je gida azumin bara waccan. Ina da gwaggo wadda 'yan bindiga suka kashe mijinta a gona, a wani ƙauye da ke yankin Maru, ta kwaso 'ya'ya biyar ta dawo Gusau, suna zaune a wani kango da ba a gama gininsa ba. Aka yi shelar wani mai hali zai raba kayan azumi, ta shiga layi tun da hantsi da azumi a bakinta, ba ta kai gaba ba sai bayan La'asar. Ta samu tiya biyu ta gero da ƙullin sukari, amma kafin a sakar mata sai da aka tsayar da ita aka ɗauki hoto, hannunta a kan buhun da ke ɗauke da fuskar mai kyautar. Washegari hoton ya bazu a Facebook, har dangin mijinta suka gani. Matar da a da ita ke fitar da zakkar hatsi daga rumbun gidanta, ita ce ta dube ni ta ce: “Ɗana, yunwar ta fi mini sauƙi a kan hoton nan.”

Ba rowa ce damuwarmu ba, wannan kam na yi imani da shi. A kyauta ta hannu da hannu, Bazamfare ya fi mutumin Roma nesa ba kusa ba. Mu ne masu ciyayya tsakanin maƙwabta, mu ne masu gayya a gonar wanda ciwo ya kwantar, kuma a garinmu baƙo ba ya kwana da yunwa matuƙar ya yi sallama a zaure. Matsalar ita ce alherinmu yana gangarawa ne wurin wanda ya fi ɗaga murya ko wanda ya fi kusa da ƙofar mai bayarwa, sannan yana tumbatsa a watan Ramadan ya ƙafe a sauran wata goma sha ɗaya. Alhali Alƙur'ani, a aya ta 273 ta Suratul Baƙara, ya nuna mana wasu mabuƙata na daban, waɗanda wanda bai san halinsu ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kai, ba sa nace wa mutane da roƙo. Irin waɗannan ba za su taɓa shiga layi ba. Idan ba a je an same su a gida ba, to an bar su ke nan.

Zuwa gidan mabuƙaci kuwa shi ne ginshiƙin wata tsohuwar ƙungiyar Katolika da nake ganin ya kamata mu yi nazarinta da kyau. A 1833, a birnin Paris na Faransa, wani ɗalibi mai shekara 20, Frederik Ozanam, shi da abokansa kaɗan suka kafa ƙungiyar da aka sa wa sunan wani waliyyinsu, Vincent de Paul. Tsarinta bai wuce haka ba: 'yan mutane kaɗan a unguwa ɗaya suna haɗuwa a kai a kai, suna fita bibbiyu su ziyarci matalauta a ɗakunansu, su dawo su yi shawara a kan abin da suka gani, sannan a zagaya da jaka kowa ya cusa hannu ya saka abin da zai iya ba tare da na kusa da shi ya san nawa ne ba. Ƙungiyar ta kusa shekara 200, ta bazu a ƙasashe fiye da 150, har da Nijeriya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda ke yin tattakin. A wurinsu mai bayarwa ne ke cire takalmi a ƙofar wani, ya zauna a inda aka nuna masa. A wurinmu kuwa mabuƙaci ne ke tsuguno a ƙofar gidan Alhaji tun asuba, yana jiran a fito.

Ba sai na zo Turai ba ma ya kamata in lura da wannan, domin tun a 1956 wasu sistoci, wato mata masu hidimar majami'a, 'yan ƙungiyar Dominikan ta Katolika, daga jihar Kansas ta Amurka suka sauka a Gusau suna aikin jinya da koyarwa. Muna yara muna wuce harabarsu, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi aikin nasu ya ɗore bayan waɗanda suka fara shi sun tsufa sun tafi ba.

Amsar, a ganina, tana cikin lissafi. A Italiya doka ta ba mai biyan haraji damar zaɓar inda za a kai takwas cikin dubu na harajin kuɗin shiga, ko ga gwamnati ko ga wata ƙungiyar addini da ta yi yarjejeniya da hukuma, kuma majami'ar Katolika ce ke samun kaso mafi tsoka, tana kashe wani ɓangare a kan agaji. Hatta sulallan da masu yawon buɗe ido ke jefawa a maɓulɓular Trevi, waɗanda sukan haura Yuro miliyan ɗaya a shekara, ana kwashe su a ƙirga a miƙa wa Caritas ta Roma. Kowace shekara kuma ana fitar da rahoto a kan abin da ya shigo da yawan mutanen da aka saurara. Mu fa muna da abin da ya fi wannan tushe, domin farilla ne: ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta cika nisabi ta shekara, ɗaya bisa goma na hatsin damina, ɗaya bisa ashirin na noman da aka sha wahalar ban ruwansa. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya ma'aikatan zakka cikin mutum takwas da ke da rabo a cikinta, wato tun asali an san aikin yana buƙatar masu ƙirga da masu rubutu da masu bin gida-gida. Jiharmu ta kafa Hukumar Zakka da Wakafi a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, bayan shelar Shari'a ta 1999, kuma ban raina abin da take yi ba. Sai dai ofis ɗaya a babban birni ba zai san wace mai takaba ce ta kwana ba ta ɗora tukunya a Tudun Wada ko Birnin Ruwa ba. Liman da ladan da mai unguwa su suka sani. Majami'ar unguwa a nan sau ɗaya take cika a mako, amma ta iya riƙe sunayen matalautanta, mu kuwa sau biyar muke haɗuwa a yini.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi rabon abinci nauyi, wato tambayar abin da ya jefa mutum cikin talaucin. Tun a 1891 Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa a kan haƙƙin ma'aikata, inda ya ce dole ladan aiki ya ishi mutum ya rayu cikin mutunci, kuma daga nan koyarwarsu ta adalcin zamantakewa ta ci gaba da faɗaɗa. Wani babban limaminsu na Barazil, Helder Kamara, ya shahara da cewa idan ya ciyar da matalauta sai a kira shi waliyyi, idan ya tambayi dalilin talaucinsu sai a kira shi ɗan gurguzu. Gwaggona ba kasala ce ta talauta ta ba. Manomin da sai ya biya 'yan bindiga kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi, buhun shinkafar azumi ba zai fitar da shi ba. Yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 sun mutu ne saboda iyayensu suna niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, a ƙasar da arzikinta ke wucewa ta kansu zuwa aljihun wasu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta suka mai zafi a kan harajin zalunci da sarakunan zamaninsa ke ɗora wa talakawa, saboda haka malamin da ya yi wannan tambayar a kan mumbari, gadon gidansu ya ɗauka.

Ba ina cewa majami'ar Katolika ba ta da tabo ba. Badaƙalar cin zarafin yara da wasu limamanta suka aikata, da yadda manyanta suka daɗe suna ɓoyewa, abu ne da duniya ta sani. Haka nan nauyin da ke kanmu ba ɗaya ba ne da nasu: talakan Roma yana da asibitin gwamnati da zai je, mu kuwa binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma jihohinmu na arewa maso yamma suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa katutu. Amma ƙarancin abin rabawa shi ne ma babban dalilin da ya sa bai kamata ko tiya ɗaya ta ɓace a hanya ba.

Da na dawo Roma na kira limamin masallacin unguwarmu ta Gusau, wanda shi ya koya mini Ahalari, na zayyana masa duk wannan. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce maza ba za su shiga ɗakin mai takaba ba, sai dai a samu mata biyu daga Islamiyyar matan aure su riƙa zuwa. Haka aka yi. Yanzu akwai littafi guda a hannun Malam mai ɗauke da gidaje goma sha bakwai, ba mai buɗe shi sai mutum huɗu, kuma ana zagayawa da jaka bayan sallar Isha'i ta daren Juma'a. Hatsin bayan duhu ya yi ake kai shi, a buhun da ba rubutu a jikinsa. Gidan gwaggo shi ne na shida a littafin, kuma a watan jiya babban ɗanta ya fara koyon walda da kuɗin da aka fitar daga jakar.