Muna Fitar da Gungume, Muna Shigo da Gari

Duk wanda ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki a shekarun nan ya san cewa gado da sif da kantar kicin da kafinta ke haɗawa yawanci ba na katakon gaske ba ne, na allon MDF ne, wato zaren itace da aka niƙa, aka cakuɗa da gam, aka matse da zafi har ya zama falle mai ƙafa 8 tsawo da 4 faɗi. Ba na zargin kafintoci a kan haka, domin allon yana da santsi, yana karɓar fenti, kuma ya fi katako araha, duk da cewa idan ruwa ya shige shi sai ya kumbura kamar burodi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda allon yake fitowa. China ce kan gaba a duniya wajen sarrafa shi, Turkiyya ma ta yi nisa, ga kuma manyan kamfanonin Turai irin su Kronospan da Egger. Allon da ke shagunan Kano ya sha tafiya a kwantena ta teku, ya sauka a Legas, sannan tirela ta hauro da shi Arewa, kuma kowane zango da kuɗinsa. Shi ya sa duk lokacin da dala ta motsa, uban amarya ne ke fara jin jiki.

A daidai shekarun da muke shigo da wannan allo, mu ne muka riƙa sare madobiya a dazuzzukan Taraba muna tura gungumenta China, har sai da yarjejeniyar CITES ta duniya, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai da ke fuskantar ƙarewa, ta dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Itacen da ya ɗauki shekaru da dama kafin ya ƙosa ya tafi ɗanye, mu kuma muka biya dala muka karɓo niƙaƙƙe. Garin katakon da injinan tsaga ke zubarwa a Legas da Sapele kuwa, an saba cinna masa wuta ne, alhali da irinsa wasu ƙasashe ke ciyar da masana'antun allo.

A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sanya allunan zaren itace cikin kayayyaki 41 da ya hana wa dalar gwamnati, da nufin a riƙa yin su a gida. An ɗage takunkumin a Oktoban 2023. A ganina shekarun nan takwas tsada kawai suka ƙara, domin 'yan kasuwa sun koma kasuwar bayan fage neman dala, kwantenoni kuma ba su daina sauka ba. Masana'antar MDF tana buƙatar lantarki dare da rana, da itacen da aka shuka musamman domin ta, da kuma gam. Shi gam ɗin da sinadarin yuriya ake haɗa shi, wanda Dangote da Indorama ke samarwa a nan har suna fitarwa waje.

Kafin a kai ga gina masana'anta, ina ganin wajibi ne hukumar kula da ingancin kaya ta tsananta bincike a tashar jiragen ruwa. Gam ɗin yana fitar da iskar fomaldihaid mai cutar da numfashi, shi ya sa Turai ta ƙayyade mizanin E1, wato iyakar yawan iskar da aka yarda allo ya fitar, amma a nan mai saye ba ya tambayar komai sai kaurin allo da launinsa, sannan a kai gadon ɗakin da jariri zai kwana.